Mataji da injin juyi na wanke buroshin fenti: wanne ya cancanci saye?

Daga gindi buroshin fenti yake fara lalacewa, can inda gashin ya shige cikin damarar ƙarfen da ta riƙe shi. Mutum zai wanke shi a bakin famfo har ruwa ya riƙa fitowa garau, ya yarfe, ya ajiye, yana ganin ya gama. Ranar da ya sake ɗaukowa sai ya tarar baki ya wage, gashi ya rabu gida uku ko huɗu, kuma idan ya matsa gindin da ɗan yatsa ya ji shi ƙam, ba ya lanƙwasuwa. Buroshi irin wannan ba ya jan layi. Ka zo gefen taga ko inda bango ya haɗu da rufin ɗaki, kana son layi ya tafi santal, shi kuma yana watsa maka fenti hagu da dama.

Wannan matsalar ce ta sa na sayi kayan da zan yi magana a kansu: matajin ƙarfe na tsefe buroshi, da wani ɗan injin hannu mai juya buroshi ya fitar da ruwa. A kwali ɗaya aka haɗa su. Fenti ba sana'ata ba ce, amma ni nake shafa ɗakunana, da ƙofofi, da tagogi, da kabad ɗin da ya kwana biyu, kuma na yi aiki da kayan nan a kan fentin ruwa da na mai har na san halinsu. Ba zan kama sunan kamfanin da ya yi nawa ba, tunda ina da ƙorafi a kansa, kuma ƙirar kusan ɗaya ce a ko'ina. Tsofaffin kamfanonin buroshi na Amurka, irin su Wooster da aka kafa a 1851 a jihar Ohayo, da Purdy da ya fara a 1925 a birnin Fotland, duk suna yin nasu matajin. Wanda ya samu nasu ko na wani daban, abin da zan faɗa zai yi masa amfani.

Matajin ba wani abin kallo ba ne. Mariƙin roba ne, tsawonsa ya ɗan fi tafin hannu, da jeri ɗaya na haƙoran ƙarfe marar tsatsa, sirara masu tsini. A bayansa akwai lanƙwasa mai siffar rabin da'ira wadda ake tatse fenti da ita daga rola, wato abin shafa fentin nan mai mirginawa. Shi ke nan. Da na fara ganinsa ban ɗauka zai yi abin da yatsuna suka kasa ba.

Sai mutum ya leƙa cikin buroshi zai gane amfaninsa. Ɗauki buroshi mai kyau, mai faɗin inci 2 ko 3, ka raba gashin biyu daga tsakiya ka duba ƙasa. Za ka ga wani ɗan katako ko kwali da aka soka a tsakiyar gashin, a cikin damarar ƙarfen. Shi yake raba gashin ya bar ɗan rami a tsakiya, kuma a ramin nan fenti yake taruwa ya riƙa sauka a hankali lokacin da kake shafa. Da gangan aka yi shi, don buroshi ya ɗauki fenti da yawa a tsoma ɗaya. A ƙarƙashinsa kuma akwai gam mai ƙarfi da ya daskare gindin gashin wuri ɗaya. To, ramin nan da yake taimakon aiki, shi ne kuma maɓoyar fenti a lokacin wanki. Ruwan famfo yana bi ta saman gashi ya wuce, yatsa ba ya shiga can. Ko da ka kiyaye ka tsoma sulusin gashin kawai, kamar yadda ya kamata, fenti yana hawa da kansa ta tsakanin silin gashi, balle kuma idan kana shafa rufin ɗaki, buroshi yana kallon sama, komai yana gangarowa gindi. Kowane wanki ya bar ɗan kaɗan, wannan ya bushe, na gaba ya hau kansa, har ya zama dunƙule mai tura gashin waje.

Mutane da yawa suna ɗauka fentin mai ne abin tsoro, na ruwa kuwa ai ruwa ne, ko yaushe a wanke. A wajen kashe buroshi, na ruwa ya fi sauri. Fentin ruwa ƙananan ƙwayoyin roba ne suke yawo a cikin ruwa. Da ruwan ya ƙafe sai ƙwayoyin su manne da juna su zama fata ɗaya, kuma daga nan ruwa ba ya sake narkar da su. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ya sha iska, idan ana zafi ma bai kai haka ba. Fentin mai kuwa sai sinadarin da aka tsinka shi da shi ya fita, sannan iska ta yi aiki a kansa ya taurare a hankali: awa 6 zuwa 8 kafin a iya taɓa shi, kuma yawanci awa 16 zuwa 24 kafin a yi shafa ta biyu. Ma'ana, kana cikin aiki da fentin ruwa, wanda ya hau gindin buroshi tun da safe ya riga ya fara kamawa kafin rana ta take.

Ga abin da na gani da idona ranar da na shafa wa wani bango shuɗin fentin ruwa. Na goge ragowar fentin a bakin gwangwani da kan tsohuwar jarida, na wanke buroshin da sabulun wanke-wanke har kumfar ta koma fara, ruwa yana zuba babu launi. A da, a nan nake tsayawa. Sai na soka haƙoran matajin daf da damarar ƙarfe, na ja zuwa baki. Nan take ruwan da ke ɗiga ya koma shuɗi shar, kuma a jikin haƙoran ga wasu 'yan zare-zare masu danƙo sun maƙale, fentin da ya fara bushewa ke nan. Na juya ɗaya fuskar na sake, na bi gefe da gefe, na raba gashin na shiga tsakiya. Sai da na ƙara wasu mintuna kafin shuɗin ya ƙare da gaske. Da buroshin ya bushe na matsa gindinsa, ya lanƙwasu ya dawo, babu tauri. Tun daga ranar ban sake wanke buroshi babu mataji ba.

Yana da ƙa'idarsa. Daga gindi ake ja zuwa baki, ba a komawa baya, in ba haka ba gashin zai cukurkuɗe ya karye. Ba a danna shi da ƙarfi har haƙoran su caki gam ɗin da ke ƙasa. A yi aiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a sa tafasasshe, domin gashin nailan yana laushi idan ya ji zafi, ya rasa miƙewarsa. Buroshin ya kalli ƙasa lokacin da ruwa yake zuba, don dattin ya fita ta baki. Wata dabara kuma da ta rage mini wahala: kafin a fara shafa fentin ruwa, a jiƙa buroshin da ruwa a yarfe shi sosai. Danshin da ya zauna a gindi yana hana fenti kamawa da wuri. Idan aikin mai tsawo ne, bayan kamar awa biyu a tsaya a yi masa wanki na tsakiya, a tsefe, a ci gaba. Za ka ji bambancin a hannunka, buroshin ya dawo da sauƙinsa.

Wani dattijo mai fenti da na sani ya dubi matajin nawa ya yi dariya, ya ce shi buroshin waya ya ishe shi tun yana yaron shago. Ban yi musu da shi ba, ya fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba, kuma buroshin waya yana kankare busasshen fenti daga jikin damarar ƙarfe da bayan gashi fiye da mataji. Amma ina da dalilina na ƙin kai shi bakin gashi. Idan ka kalli bakin buroshi mai kyau da kyau, za ka ga kowane sili ya tsage a ƙarshensa ya zama 'yan rassa ƙanana. Wannan tsagewar ce take riƙe fenti, ita ce kuma take sa shafa ta kwanta lumui babu sawun gashi. Waya tana cinye ta. Haƙoran mataji kuwa suna da tazara, suna ratsawa ta tsakanin gashin ne, ba sa gurzar sa. Wanda yake canza buroshi a kai a kai saboda yawan aiki ba zai damu ba. Ni da nake son buroshi ɗaya ya yi mini shekaru, na damu.

Irin gashin ma yana da ruwa da tsaki a maganar. Na dabba, wanda yawancinsa gashin alade ne da ake kawowa daga ƙasar Sin, tsagewar bakinsa halitta ce, kuma ya fi dacewa da fentin mai da banish, wato man da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli. Amma yana shan ruwa, ya kumbura, ya yi laɓo-laɓo, shi ya sa ba a shafa fentin ruwa da shi, kuma ba a barinsa a jiƙe. Na roba, wato nailan da foliyesta, bai damu da ruwa ba.  Na lura matajin ya fi tafiya sumul a gashin roba. A na dabba sai an bi a hankali, don idan aka ja da gaggawa yana tsinko sili ɗaya-ɗaya.

Idan aka zo fentin mai, mataji shi kaɗai ba ya komai, sai da sinadarin da zai narkar da fentin. Abin da ya fi shi ne a karanta bayan gwangwani a ga abin da aka ce a wanke da shi. Yawanci wayit sifirit ne, wani ruwan sinadari mai tsinka fentin mai, kananzir ma yana yi, sai dai yana barin maiƙo da wari, don haka dole a bi da sabulu. Abin da ake kira tina kuwa iri-iri ne. Akwai mai zafi da aka yi don fentin feshi, wanda yake cin fentin mariƙin buroshi, ya busar da gashin dabba, ya kuma hau kai idan ɗakin a rufe yake. Fetur kam a bar shi. Tururinsa yana kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, alhali wayit sifirit sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 40 sama da sifili kafin ya kai wannan matsayin. Tazarar ba kaɗan ba ce.

Yadda nake yi: kwalabe uku masu faɗin baki, kowace da ɗan sifirit kaɗan. A ta farko nake dama buroshin in fitar da mafi yawan fentin, in tsefe shi da mataji a bakin kwalbar, in goge haƙoran da tsumma. Ta biyu ɗauraya, a sake tsefewa. Ta uku ta kusan fitowa fes. Daga nan sai sabulu da ruwa mai ɗumi, a yi da sauri idan gashin dabba ne. Sifirit ɗin ba a zubarwa, kuma ba a tura shi magudanar ruwa. A rufe kwalaben a ajiye, fentin zai kwanta a ƙasa, a tsiyaye na saman a sake aiki da shi. Da mataji, kwalbar farko tana cin aikin da a da sai na ɓata biyu. A sa safar hannu ta roba, a buɗe taga.

Tsumman da aka goge mai da shi kuma kada a dunƙule shi a jefa a lungu. Man linsid, da ire-irensa da ake shafa wa katako, yana fitar da zafi lokacin da yake bushewa, kuma idan tsummoki suka taru a dunƙule zafin ba ya samun mafita har su kama wuta da kansu. Gobarar da ta tashi a benen One Meridian Plaza mai hawa 38 a birnin Filadelfiya a watan Fabrairun 1991, wadda ta ci ran 'yan kwana-kwana uku, daga irin waɗannan tsummokin ta faro. A baza su a waje ɗaya-ɗaya su bushe, ko a nutsa su a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Sai injin juyi. Kamar famfon keke yake: bututun ƙarfe, da mariƙi a sama da ake ja ana turawa, a ciki kuma akwai murɗaɗɗen sandan ƙarfe da yake mayar da turawar ta zama juyi. A ƙasa akwai baki mai sifirin, wato lanƙwasasshen ƙarfe mai matsewa, da yake cafke mariƙin buroshi. Ba ya buƙatar lantarki. Ka soka buroshin, ka zura shi cikin bokiti marar komai, ka tura sau da yawa, sai ya riƙa wulwulawa yana feso ruwa a jikin bokitin. Cikin bokiti fa, kuma mai zurfi. Wanda ya juya shi a fili zai yi wa bango da tufafinsa ado da ɗige-ɗige.

Yana aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Buroshin yana fitowa da ɗan danshi kawai, kuma ruwan da yake maƙalewa a ramin nan na gindi yana fita. Wannan yana da amfani idan kana son canza launi ka ci gaba da aiki nan take, domin jiƙaƙƙen buroshi yana tsinka fenti ya riƙa zubo maka ta mariƙi har gwiwar hannu. Amma ƙorafina a kansa ya fi yabona. Bakinsa yana da tauri, sai an yi kokawa kafin mariƙi ya shiga, kuma ya kankare fentin jikin mariƙan katakona duka, ya bar musu tabo. Buroshi mai kaurin mariƙi, irin mai inci 4, ba ya zama daidai a tsakiya, sai ya riƙa rawa, hannunka yana karkarwa. Ƙaramin buroshi mai siririn mariƙi kuma yana suɓucewa. Idan aka zafafa juyin, gashin yana buɗewa ya tsaya a baje, sai an koma ga mataji an kwantar da shi. Sifirin ɗin bakin kuma ya fara tsatsa da wuri, duk da ina goge shi, ina ɗiga wa sandan ciki mai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ga buroshi, tafin hannu biyu suna yin kusan rabin wannan aikin: ka sa mariƙin a tsakaninsu ka murza cikin bokiti.

Inda injin ya burge ni shi ne rola. Duk wanda ya taɓa wanke rigar rola ya san yadda take shan fenti, ka yi ta matsa, ruwa yana ta fitowa da launi kamar ba zai ƙare ba. A nan kayan biyu suka haɗu suka yi aiki tare: a tatse fentin da bayan matajin ya koma gwangwani, kuma za ka yi mamakin yawan abin da zai fito, a zura rigar a jikin injin, a jiƙa, a juya, a sake jiƙawa, a sake juyawa. Tana fitowa gashinta a tashe, kusan a bushe.

Shi ma matajin bai tsira ba. Haƙoran suna da tsini sosai kuma babu murfi, ga shi ana jefa shi cikin akwatin kayan aiki inda hannu yake lalube. Na yanka ɗan kwali na yi masa kube. Mariƙin robar kuma yana santsi idan sabulu ya taɓa shi, da an yi masa 'yan gurza-gurza da ya fi. Amma haƙoran ba su lanƙwashe ba, ba su yi tsatsa ba, ko ɗaya bai fita ba.

Bayan wanki, tsefewar ƙarshe ita ce take mayar da buroshi siffarsa. A daidaita gashin, a rataye shi ta hudar da ke jikin mariƙi, baki yana kallon ƙasa, ko a kwantar da shi a kan abu mai faɗi. Kada a tsayar da shi a kan gashinsa, zai lanƙwashe ya zauna a haka. Kada kuma a bar shi ya kwana a bokitin ruwa: katakon mariƙi yana kumbura, idan ya bushe ya motse, damarar ƙarfen ta saki ta fara girgiɗi. Idan ya bushe a mayar da shi cikin kwalin da ya zo da shi. Kwalin nan da mutane suke yarwa ranar farko, shi yake riƙe bakin a tsuke. In ya ɓata, a naɗe da takarda mai kauri. Idan kuwa hutu ne na cin rana ko zuwa gobe da safe, ba sai an wanke ba, a naɗe kan buroshin da leda tam yadda iska ba za ta shiga ba.

Abin da kayan nan ba za su yi ba shi ne tayar da buroshin da ya riga ya sandare. Na gwada matajin a kan wani tsoho da fentin mai ya bushe a cikinsa, haƙoran ko shiga ba su yi ba. Irin wannan sai an jiƙa shi a sinadarin narkar da busasshen fenti, kuma a duba abin da ke cikin sinadarin kafin a saya. Akwai mai ɗauke da dayikuloromitan, wanda shaƙarsa a rufaffen wuri ta kashe mutane, har Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar wa jama'a shi a matsayin abin cire fenti a 2009, Amurka ta bi sahu a 2019. Ko an yi nasarar narkar da fentin ma, buroshin ba ya komawa na jan layi. Nawa ya koma na share ƙura da shafa fentin farko a kan ƙarfe.

Wanda yake da buroshi mai kyau ko da guda ɗaya ne, ya nemi matajin, mai haƙoran ƙarfe marar tsatsa, kuma idan akwai mai murfi ya ɗauki wannan. Injin juyi kuwa sai wanda yake yawan aiki da rola, ko yake canza launi sau da yawa a yini. Idan ƙofa ɗaya da tagogi biyu ne aikinka a shekara, a sayar maka da matajin shi kaɗai, ka bar injin a kan kanta.